Gero, tsamiya, tsamiya: yadda nake koyar da rawar suwin da buluz a Maraɗi

Tambayoyi biyu ne ba sa ƙarewa a salulata. Ta farko: "Madam, wannan rawa ta riƙe hannu, yaya kike koyar da ita a Maraɗi ba a tashe ki daga unguwa ba?" Ta biyu: "In mutum zai koyar, daga ina zai fara?" Amsarsu a haɗe take, don haka zan haɗa su.

Ni malamar wasannin motsa jiki ce a lakwal. Na koyi rawar a birnin Tuluz na Faransa, lokacin da aka tura ni ƙaro ilimi na wata tara, wata abokiyar ɗakina ta matsa mini sai na raka ta. Da na dawo gida da ɗokin abin, na kama hayar wani zaure, na tara samari da ƴan mata wuri guda kamar yadda na gani can. Sati uku muka yi. A na ukun wani yaro ya ɗauke mu da salula, kafin isha'i hoton ya zagaye WhatsApp. Washegari mahaifin wata ɗaliba ya yi sallama da maigidana a ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Alhaji, a ba Madam haƙuri, yarinyar nan an sa mata rana." Sati na huɗu daga ni sai sifika a zauren. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, don na san garinmu sarai, na yi kamar ban sani ba.

To aikin farko ba a filin rawa ake yin sa ba. Kafin ki kunna kiɗa, ki yanke shawarar wa zai riƙe hannun wa. Ni yanzu aji biyu gare ni: na mata zalla a tsakar gidana a unguwar Zariya, ranar Laraba da Asabar, sai na ma'aurata, inda kowa da matarsa yake rawa, ba musanye. Na je na gai da mai unguwa na faɗa masa abin da nake yi, na shiga gidajen maƙwabta uku na yi wa matan bayani, biyu daga cikinsu ma yanzu ɗalibaina ne. Akwai kwano a bakin ƙofa inda kowa ke ajiye salularta. Wannan doka ba ta da sassauci, ko ni ina cikinta.

Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne, a rawar nan aiki biyu ne, mai ja da mai bi, kuma ba a rubuta namiji ko mace a goshin ko ɗaya ba. Al Minns da Leon James, biyu daga cikin manyan ƴan rawar unguwar Harlem ta birnin Niyok, dukansu maza ne, kuma akwai hotunansu na bidiyo suna rawa tare, wannan ya ja, wancan ya bi. A ajina kowace mace tana koyon aikin biyu tun daga sati na farko. Wadda ta taɓa ɗanɗana wahalar bin mai ja mai fizga ba ta fizgar kowa.

Ranar farko lallai sai wata ta ce rawar nasara ce. Wata dattijuwa da muke kira Hajiya Babba ce ta fara jefo mini ita: "Ke ɗiyata, duk rawarmu ta gado ba ta ishe ki ba sai ta Turawa?" Na ce, "Hajiya, ai wannan ta ƴan uwanmu ce da aka kwashe." Baƙaƙen fatar Amurka ne suka haife ta. Lindi Hop, uwar rawar suwin, ta tashi a unguwar Harlem ta birnin Niyok a ƙarshen shekarun 1920, musamman a gidan rawa na Savoy da aka buɗe a 1926 aka rufe a 1958. Buluz kuwa ta girme ta, daga kudancin ƙasar ta fito, wajejen kogin Misisifi, a ƙananan wuraren da manoman auduga ke taruwa daren Asabar bayan wahalar sati. Ina rubuta buluz da z ne don kada a karanta bulus, domin ba a samun ta a banza. Wannan tarihi minti biyar nake ba shi, ba ƙari. Mai son ƙari ta tsaya bayan aji mu sha shayi.

Wuri da kaya

Ƙasa ita ce rabin aikin. Yashi ba ya juyuwa, siminti mai kaushi kuma yana kama takalmi ya murɗe gwiwa. Ni na sa aka shafe wani yanki na tsakar gidana da siminti mai laushi, taku takwas a tsaye, shida a kwance, yana ɗaukar mutum goma sha biyu. In karo ne a gidanki ya yi, amma lokacin hunturu ƙura tana mai da shi santsi kamar sabulu, sai an share an goge kafin a fara. Da yake siminti ba ya lotsawa kamar katako, ban yarda da tsalle-tsalle ba, kuma ba ma wuce awa ɗaya.

Silifas ba ya rawar nan, takalmi mai tsini ma haka. Kambas marar tudu ya fi, in yana kama ƙasa a zura masa tsohuwar safa daga gaba, ko a kai wa mai gyaran takalmi ya manna masa fata a ƙasa. Zani yana ɗaure taku, don haka doguwar riga mai faɗi da wando a ciki, ko siket mai buɗewa. A ɗaure kallabi tamau. Mayafi da dogon hijabi a rataye su a igiya, tunda mu kaɗai ne, domin na taɓa ganin hannun wata ya sarƙe cikin mayafin abokiyarta wajen juyi har suka zube tare. Awarwaro da manyan zobba su ma a cire.

Muna farawa bayan la'asar mu tashi kafin magariba, kuma ko a tsakiyar waƙa muke, aka kira salla sai a kashe. Da azumi hutu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, minti arba'in ya isa, randa kuma a cike. Kuɗin zama ɗaya dala ɗari, ya ishe ni cajin sifika da ƙanƙara.

Daka kafin komai

Kuskuren sabon malami shi ne ya fara da salon juyi don ya burge. Ni zama biyu na farko ba wadda ke taɓa hannun wata. Ina sa kiɗan ƙungiyar Count Basie mai matsakaicin gudu, wajen bugu 120 zuwa 130 a minti. In ba ki san gudun waƙa ba, ƙirga bugunta cikin daƙiƙa 15 ki ninka sau huɗu. Sai na ce kowa ta buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ta sassauta gwiwa, ta ɗan tura ƙugu baya, nauyi a gaban tafin ƙafa, kamar mai shirin ɗaga taɓarya. Daga nan jiki ya riƙa lotsawa ƙasa a kan kowane bugu. Ƙasa, ba sama ba. Ɗalibaina ne suka raɗa wa wannan suna daka, ya kuma zauna, saboda duk macen da ta taɓa surfe ta san ƙarfin yana sauka ne cikin turmi, komawa saman kuwa da kansa yake zuwa. In na ga wata tana ɗagowa kamar ɗan akuya, "koma turmi" kawai nake cewa.

Bayan daka sai tafi. Kiɗan suwin yana da bugu huɗu a kowace gaɓa, tafi a kan na biyu da na huɗu yake. Da fari yawanci sukan tafa a ɗaya da uku. Ba na dogon bayani, sai in ce ƙafa ta ci ɗaya da uku, hannu ya ci biyu da huɗu, mu zagaya tsakar gida a haka har waƙa ta ƙare.

Sai mai da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa. Wannan shi ne ainihin rawar, kuma nan nake zama in daɗe. Taku ba miƙa ƙafa ba ne, tafiyar jiki ne gaba ɗaya ya sauka kan ƙafa guda. Yadda nake gwadawa: in kashe kiɗa kwatsam in ce kowa ta ɗaga ƙafar da ba ta da nauyi. Wadda ta yi tangaɗi, ko ta tsaya tunanin wacce za ta ɗaga, nauyinta a rabe yake. Muddin mutum bai san ƙafar da yake tsaye a kai ba, abokin rawarsa ma ba zai sani ba, kuma nan ne ake fara take wa juna yatsu.

Ƙirga da baki

A Tuluz da lamba aka koya mini: ɗaya biyu, uku da huɗu, biyar da shida. Na kawo haka, ya ƙi shiga, domin taku ukun nan ba daidai suke da juna ba. Na farko dogo ne, na tsakiya gajere, na ƙarshe dogo, kuma wannan ɗingishin shi ne suwin ɗin kansa. Ina cikin dama kunu wata rana na ji bakina ya faɗi kalmar da ke da wannan awo cif: tsamiya. Tsaa, mi, yaa. Dogo, gajere, dogo. Taku biyun farko kuwa, da ake ja da ƙafa baya a dawo, tsawonsu ɗaya: gero. Gee, roo.

To takun ƙirga shida shi ne gero, tsamiya, tsamiya. Mai ja tana fara gero da ƙafar hagu baya, ta dawo da nauyi kan dama, ta yi tsamiya zuwa hagu, ta yi tsamiya zuwa dama. Mai bi kamar madubi take, da dama take farawa. Takun ƙirga takwas kuma gero, tsamiya, gero, tsamiya. Tun ranar ban sake ƙirga da lamba ba sai in ina tsara wasa. Maƙwabcinmu ya taɓa tambayar maigidana ko sana'ar kunu na buɗe.

Abu biyu za ki sa wa ido a nan. Geron baya ƙarami ne, kada diddige ya wuce tsawon tafin ƙafa ɗaya, don mai babban taku baya ita ce ke jan abokiyarta ta faɗi. Na biyu, daka ba ta tsayawa don an fara taku. Da yawa da zarar ƙafa ta shiga lissafi sai gwiwa ta sandare.

Hannu

Sai a zama na uku nake haɗa mutum biyu, kuma ko a nan ba da hannu ake farawa ba. Kallabi ɗaya nake ba su, kowa ta kama gefe guda a daidai cibiya. Mai ja ta yi tafiya baya, gaba, gefe, mai bi ta rufe ido. Sharaɗin shi ne kada kallabin ya saki ya yi lilo, kada kuma a fizge shi. Misalin da nake bayarwa igiyar guga ce: in guga ya cika, igiya a miƙe take kina jin nauyin ruwa a hannunki, in kika fizga ruwan ya zube, in kika sake guga ya koma rijiya. Mai ja ba da damtse take ja ba, jikinta ne ke tafiya, hannu saƙo kawai yake kaiwa. Mai bi kuma ba ta yin duba. Ba ta motsi don ta zaci abin da ke tafe, sai ta ji shi a igiya.

Nan ne matan da suka yi gaɗa a dandali suna yara ke tsere wa ƴan boko. Wadda ta saba sakin jiki ta faɗa baya ƙawaye su tare ta su cilla ta, ta riga ta san yadda ake ba wani nauyi ba tare da an zame masa kaya ba. Ina tuna musu da wannan, sai ka ga kafaɗu sun sauka.

In kallabi ya zauna sai riƙo. Hannun hagu na mai ja yana riƙe da na dama na mai bi, ƙasa-ƙasa wajen ƙugu, yatsu a lanƙwashe kamar ƙugiya, babban yatsa ba ya matsa. Hannun dama na mai ja a kan allon kafaɗar mai bi, ba a ƙugu ba. Mai bi ta ɗora hagunta a damtsen mai ja. Gwiwar hannu kullum tana gaban jiki, in ta wuce baya kafaɗa ce za ta biya.

A ajin mata ana musanya abokiyar rawa kowane minti uku, don wadda ta saba da hannu ɗaya kurakuransa take haddacewa. Amma ki yi tambaya a ɓoye tun farko. Na taɓa juya layi sai ga wata amarya ta faɗo gaban uwar mijinta, ta sunkuyar da kai ta kasa ɗaga hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage. Yanzu na san wa ke surukar wa, wa ke kishiyar wa, ina tsara layi yadda ba za su haɗu ba. Kishiyoyi biyu dai da kansu suka ce in bar su tare, kuma sun fi kowa iya juyi, ban tambayi dalili ba.

Babban salon Lindi Hop, wanda ake kira suwin-awut, ba na taɓa shi sai sati na biyar ko na shida. Mu fita-da-dawowa muke ce masa. Ana farawa nesa da juna, hannu ɗaya a riƙe. A geron farko mai ja ta ja baya, mai bi ta taho. A tsamiyar farko su haɗu, hannun dama ya tare bayan mai bi, su juya rabin da'ira suna fuskantar juna. A gero na biyu mai ja ta kauce daga hanya ta sake ta, mai bi ta wuce inda ta fito. A tsamiyar ƙarshe kowa ta zauna a ƙarshen igiya har a ji ta miƙe. Inda ake ɓata shi wuri ɗaya ne kusan kullum: mai ja ta ƙi kaucewa, ta tsaya a hanya tana tura mutum da hannu. Ina zana layi da alli a ƙasa in ce layin na mai bi ne, mai ja baƙuwa ce a kansa.

Buluz

Mutane suna zaton buluz ta fi sauƙi don tana tafiya a hankali, bugu 60 zuwa 90 a minti. Ni a wurina ta fi wuya, don ba gero ba tsamiya da za ki ɓuya a bayansu. Taku ɗaya ne a bugu, wani lokaci ɗaya a bugu biyu, saura duk kunne ne.

Da kunnen nake farawa. Mu zauna a tabarma in sa mawaƙan buluz irin su B.B. King ko Muddy Waters ko Bessie Smith. Yawancin waƙoƙin buluz zagaye ɗaya gaɓa 12 ne, a kasu uku: mawaƙi ya faɗi magana, ya maimaita ta, sannan ya kawo wadda ta warware ta. Kuma bayan kowace magana yakan bar fili, jita ko ƙaho ya amsa masa. Wannan ba baƙo ba ne ga wadda ta girma tana jin zabiya da ƴan amshi. Nakan ce su ɗaga hannu duk lokacin da zagaye ya koma farko, waƙa biyu ta ishe su kamawa. Wani lokaci ina saka Ali Farka Toure na Mali a tsakani ba tare da na faɗa ba, har yau ba wadda ta ce an canza gida. Hajiya Babba ma cewa ta yi wannan ai mai gurmi ne ya samu kuɗi ya sayi jita.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne jinkiri. A buluz ƙafa ba ta rige bugu, tana sauka ne a bayansa kaɗan, kamar mai tafiya da tulu cike a ka. Mai bi kuma tana ƙara nata jinkirin a kan na mai ja, sai a ji rawar tana jan jiki kamar zuma. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in sa su ja ƙafa a ƙasa, kada ta rabu da siminti, ƙafar da ake tsaye a kai ita ce ke tura jiki. Motsin ƙugu kuwa ba na koya wa matan Maraɗi, rage musu nake. Sun zo da na gidan biki, wanda ake kaɗawa da gangan. Na buluz daga ƙasa yake tasowa: kin danna ƙafa, nauyi ya sauka, ƙugu ya zauna a kanta da kansa.

Ana rawar buluz mutum shi kaɗai, ana yi hannu da hannu daga nesa, ana yi da riƙo irin na suwin, akwai kuma riƙon ƙirji da ƙirji. Ukun farko nake koyarwa. Na huɗun ina yi wa ma'aurata bayaninsa da baki, su je ɗakinsu su gwada. Wata abokiyata ta Tuluz ta rubuto mini cewa na cire wa rawar zuciya. Ban yarda ba. Na ga mata biyu sun yi waƙa guda cur da yatsu huɗu kawai a haɗe, tsakar gida ta yi tsit har aka gama.

Ajin ma'aurata gajeren bayani gare shi. Matsalar maza ɗaya ce, ƙarfi, kuma ba sa son mace ta gyara musu a gaban matansu. Don haka maigidana ke yi musu magana, ni in yi wa mata. Yakan ce, "Alhaji, sassauta, ba buhun gyaɗa kake lodi ba." Tsayuwar kuwa ba ta ba su wuya, da an ce su tsaya kamar ɗan kokowa a filin Kantu sun gane. Minti biyar na ƙarshe mata ke ja, maza su bi. Ranar farko akwai gunaguni, amma bayan nan ne hannunsu ke laushi.

Fita gaban jama'a

Inda muke wasa wuraren mata ne: wunin biki, suna, da taron ranar matan Nijar ta 13 ga Mayu. Kafin in karɓi gayyata ina tambaya uku: su wa za su kasance, wace irin ƙasa ce, kuma za a ɗauki hoto? Wadda mijinta ko mahaifinta bai amince ba ba ta fita, ko ita ce gwanar aji.

Wasa kada ya wuce minti biyu da rabi. Yawancin waƙoƙin suwin gaɓa 32 ne a zagaye, kashi huɗu, kowane kashi ƙirga takwas sau huɗu, na uku kuma launinsa daban. Ina tsara kashin farko da na ƙarshe tsaf, kowa ta san inda ƙafarta za ta sauka, tsakiya kuma in bar kowane biyu su shiga fili su yi abin da kiɗa ya ba su, saura suna tafi. In kika tsara komai daga farko har ƙarshe, fuskokinsu za su koma na masu jarrabawa. Ki zaɓi waƙar da ta fi wadda suke iyawa sanyi kaɗan, don tsoro yana ƙara wa ƙafa gudu. Kuma ki tuna a gidan biki ba dandamali, da'ira ce, jama'a ta ko'ina, saboda haka a gwaji ina zaunar da yara a kusurwa huɗu don kada a saba ba wa gefe ɗaya baya.

Cilla mutum sama, irin wanda Frankie Manning, gwanin rawar Lindi Hop na Harlem, ya shigo da shi a tsakiyar shekarun 1930, shi ne abin da ƴan mata ke gani a intanet su zo suna roƙo. Ba na koyar da shi a kan siminti. Nakan gaya musu shi kansa mutumin, bayan ya yi wajen shekara 30 yana aikin gidan waya, ya dawo koyarwa a shekarun 1980 ya yi ta rawa har ya haura 90 kafin rasuwarsa a 2009, kuma abin da ya riƙa koya wa duniya a shekarun nan fita-da-dawowa ne da sauraron kiɗa.

Liƙi sai an yi masa shiri. Wasanmu na farko, ana tsakiyar juyi wata gwaggon amarya ta kutso da guɗa tana manna wa mai ja jika-jika a goshi, takarda ta faɗi, mai bi ta taka ta zame. Ba a hana gwaggo liƙi, wannan rashin kunya ne. Abin da nake yi yanzu, ina gaya wa mai sanarwa ta ce a riƙe kuɗi sai an ga mun jeru, sannan na ƙara ƙirga takwas sau huɗu a ƙarshe inda ake daka a tsaye wuri ɗaya, masu liƙi su shigo su yi son ransu, yarinya ɗaya tana tsince abin da ya zuba.

Sai wuta. Kada ki dogara da ta gidan biki, ki zo da sifikarki a cike, waƙar kuma tana cikin salula biyu. Duk da haka a wani biki a Tibiri sifikar ta mutu ana saura rabin waƙa. Mata takwas suka tsaya cak suna kallona. Ban san lokacin da na fara tafi ina cewa gero, tsamiya, gero, tsamiya da ƙarfi ba. Wani tsohon mai kalangu da aka ɗauko don rakiyar amarya yana zaune a bakin zaure, ya saurara kamar zagaye biyu, ya saƙala kalangunsa ya ɗauka, har da ɗingishin tsamiyar. Da shi muka ƙarasa, kuma liƙin ranar rabi shi aka yi wa. Da zan ba shi nawa na ce, "Baba, a ina ka san wannan kiɗa?" Ya ce, "Ɗiyata, ai ƙafafunsu na bi." Tun daga nan duk wasan da za mu fita ina ware masa jika biyu da kuɗin kabu-kabu, kuma yana zuwa gwajin ƙarshe ranar Laraba, ya zauna a zaure inda yake jin tafi ba ya ganin tsakar gida.